Shukar Farfesa Ta Kamu da Sanyi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, ko da kuwa na so in manta. Har yau in na buɗe robar man kaɗanya zan shafa wa ɗiyata, sai in ga kaina tsaye a kan kujera a ɗakin ɗalibai na jami'armu da ke Kuala Lumpur, mutane sun cika bakin ƙofa, kowa ya zuba mini ido.

Bari in faro daga farko. Ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku lokacin da malamar da ke duba aikina, Farfesa Zaleha, ta shirya tafiya Umra. Dattijuwa ce 'yar ƙasar, 'yar ƙarama da ita, mai magana a hankali. Ba ta faɗa, amma in ta dube ki ta saman tabarau sai kin tuno duk laifin da kika yi tun daga firamare. A ofishinta akwai wata shuka mai yaɗo a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, ganyenta kore shar da ratsin rawaya, rassanta sun zubo daga saman kabad har sun kusa taɓa ƙasa. Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ofishin ya san labarinta. Mahaifiyar Farfesa ce ta dasa ta da hannunta a ƙauyensu, a cikin wannan tukunyar. Da tsohuwar ta rasu aka sayar da gidan, aka raba kaya, ita Farfesa ba ta ɗauki komai ba sai shukar.

Ranar da muka je yi mata sallama ta ce za a rufe ofishin a gyara silin har ta dawo, tana neman wanda zai riƙe mata shukar na kamar wata ɗaya. Ba ta ma rufe baki ba na ɗaga hannu.

"Prof, bar mini ita. Mu manoma ne gaba da baya."

(Mahaifina atamfa yake sayarwa a Funtuwa. Gonar da nake taƙama da ita ta kakana ce, kuma iyakar aikin da na taɓa yi a cikinta shi ne cin ɗanyar gyaɗa a gindin bishiya.)

Ta dube ni ta saman tabarau. "Boleh?" ta ce, wato za ki iya?

"Boleh, Prof."

Ta ce in ƙasar ta bushe in zuba ruwa kaɗan, kuma kada in bari rana ta doke ta kai tsaye. Iyakar abin da ta ce ke nan. Da za ta miƙo mini tukunyar sai da ta shafi wani ganye da bayan yatsa, kamar mai sallama da yaro.

Gida na so in kai ta, can Wangsa Maju inda muke haya. Maigidana ya ce atafau. Ɗiyarmu Ilham tana rarrafe a lokacin, duk abin da ta kama sai baki, shi kuma ya ji an ce ruwan irin ganyen nan yana ƙona baki. Don haka na kai ta ɗakin ɗalibai, na ɗora a saman kabad ɗin ƙarfe da ke jikin taga, na baza rassanta yadda za su yi kyau a ido.

To, wannan ɗakin namu sai wanda ya shiga. Akwai manyan kwamfutoci a ciki da ba a kashe su, saboda haka esi ma ba a kashe shi, dare da rana. A waje zafi da gumi, hijabi yana manne wa wuya, amma kina tura ƙofar sai ki ji kamar an buɗe miki firji. Kowa yana da rigar sanyi rataye a bayan kujera. Ni har safa nake ajiyewa a durowa. Duk da haka, ni da safata a ƙafa, na ɗauki shukar da aka haifa a ƙasar zafi na ajiye ta daidai inda esin yake huro iska, na koma mazaunina ina jin na cika alkawari.

Mako guda bai cika ba ganyen suka fara sunkuyawa. Bakinsu ya fara ƙonewa, ya yi baƙi-baƙi. Wata safiya na tarar da guda biyu a ƙasa, sun yi rawaya. Na waiga, ba mai kallona, na tsince su na cusa a jaka, kamar in na ɓoye su ba su faɗo ba.

Maman Khalifa ce ta fara faɗa a fili. Bakanuwa ce, teburinta yana kusa da nawa, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

"Ke, wannan plant ɗin naki is dying fa. Sanyi ne lah. Ni kaina yatsuna sun ƙage, balle ganye."

Na tafi ofishin sashe na roƙi a rage esin, aka ce ba zai yiwu ba, kwamfutoci za su yi zafi, aikin mutane ya lalace. Na dawo na zauna na shiga intanet, ina neman yadda ake kare irin wannan shuka daga sanyi. Bayani kam ga shi nan birjik, duk na Turawa. Kowa abu ɗaya yake faɗa: ba ta jure sanyi ko kaɗan, da zarar ya kama a shigo da ita cikin ɗaki, kada a bar ta a waje, a naɗe tukunyar don saiwar ta ji ɗumi. Na ɗaga kai na duba. Ai a cikin ɗaki take. Na ce alhamdulillahi, matakin farko na riga na cika shi ba tare da na sani ba.

Maman Khalifa ta leƙo ta kafaɗata. "Ki fitar da ita baranda kawai mana. Just for a few days."

"Ba ki ga abin da masana suka rubuta ba? Waje shi ne haɗarin. Ga rana, ga biran makarantar nan da ba sa barin komai."

"Su wa suka rubuta?"

"Masana," na ce, da muryar mai digiri biyu. Ta taɓe baki ta koma kan aikinta.

(Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa mutanen da suka yi rubutun ƙanƙara ce ke zuba a ƙofar gidansu.)

Saura naɗe tukunya. A nan ne na ji na shigo fagen da na sani, domin in dai maganar sanyi ce, Innarmu ta koya mana ita tun muna yara. Mu a gidanmu sanyi cuta ce mai shiga jiki, kuma maganinsa sananne ne: a lulluɓe, a yi wanka da ruwan zafi, a mulke jiki da man kaɗanya har sai yaro yana sulɓi a hannu. Da haka aka raine mu, da haka nake rainon Ilham, kuma ba wanda ya mutu. Sai na ce a raina, ai rai rai ne.

Washegari na zo da tsohon zanen goyo na naɗe tukunyar, na ɗaure da majanyi tamau. Na zo da filas. Ruwan famfon ɗakin sanyi ƙalau yake, ina zan zuba wa marar lafiya shi? Sai na riƙa sirkawa da na filas, in taɓa da bayan hannu kamar na wankan jariri, in zuba. Farfesa ta ce sai ƙasar ta bushe, amma wannan ai maganar mai lafiya ce. Ni kullum nake zubawa, wata rana ma har da yamma kafin in tafi.

Ganyen dai suka ci gaba da bushewa ta baki, suna tsagewa kamar dugadugan da suka yi faso. Ina ganin haka na san abin da ya rage. Akwai man kaɗanyar da Inna ta aiko mini daga gida, ɗanye, na asali, wanda nake tattali kamar zinariya domin ba a samunsa a nan. Na yi sammako kafin kowa ya zo, na hau kujera, na lakato man na murza a tafin hannu har ya narke, na yi bisimilla. Ganye ɗaya bayan ɗaya na bi, ciki da baya, har jikin rassan ban bari ba.

Wallahi sai kin ga yadda ta yi kyau a ranar. Ganyen suna ta walƙiya a ƙarƙashin fitila. Na ɗauki hoto ta gefen da ya fi cika, na aika wa Farfesa. Da azahar sai ga saƙon murya daga Makka, ana jin hayaniyar masallaci a bayanta. Ta ce masha Allah, tunda take ba ta taɓa ganin shukar tana sheƙi haka ba, ko a hannun mahaifiyarta. Ta ce ta ambaci sunana a gaban Ka'aba.

Na saurari saƙon har sau uku, ina murmushi ni kaɗai.

Daga nan komai ya fara taɓarɓarewa. Ƙura ta manne wa man, sheƙin ya koma dauɗa. Ƙananan tururuwa suka gano hanya, suka yi layi daga ƙasan kabad har sama. Ganyen da a da suke sunkuye kawai, yanzu suka yi laƙwas kamar alayyahon da aka tafasa. In na kai hanci kusa da ƙasar tukunyar sai in ji wani tsami-tsami. Me kike tsammani na yi? Na ƙara man. A lissafina sanyin ne ya riga ya yi nisa a jikinta, sai an dage.

Ɗakin kuma ya ɗauki wari. Wanda ya san ɗanyen man kaɗanya ya san ba ya ɓuya, balle a ɗakin da ba a buɗe taga. Ɗalibai suka riƙa shigowa suna shinshina, suna leƙa kwandon shara. Wani ɗan ƙasar ya tambaya ko wani ya yi tapau, wato ya sayo ƙunshin abinci, ya manta da shi a durowa. Na dage ina kallon kwamfutata kamar ban ji ba. A gida kuma maigida ya ɗaga robar ya ga ta kusa kai ƙasa.

"Maman Ilham, man nan sha kuke yi ne?"

Na faɗa masa gaskiya. Sai na kawo masa shawarar da ta kwana biyu tana yawo a kaina: a bakin titi kusa da tashar jirgin ƙasa akwai mai sayar da fulawowi, na ga irinta sak a wajensa. Me zai hana in sayo in dasa a tukunyar?

"Ta mahaifiyarta ce fa," ya ce. "Amana aka ba ki. In ta mutu ki ce ta mutu."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Abinci ya daina yi mini daɗi. In wayata ta yi ƙara sai in zabura, in ɗauka Farfesa ce take neman sabon hoto. Aikin digirin ma na ajiye shi gefe, ina zaune ina satar kallon saman kabad kamar mai gadin marar lafiya a asibiti. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, domin abin da ke mutuwa a hannuna ba a sayar da shi a ko'ina.

Farfesa ta sauka ranar Asabar. Na tsara cewa ranar Litinin zan same ta a ofis, mu biyu, in rufe ƙofa in faɗi abin da ya faru. Amma kafin nan na ga ya kamata in goge man, ko shukar ta mutu da mutuncinta. Na zo da safe, na cire takalmi, na naɗe hijabi a kafaɗa, na hau kujera da takardar goge hannu. Ashe man da takarda ba sa rabuwa. Duk ganyen da na goga sai takardar ta yage ta manne, fari-fari, kamar kazar da aka fige ba a gama ba. Ina ƙoƙarin tsincewa da farce, wani ganyen yana biyo hannuna.

Ina cikin haka na ji sallama.

Farfesa ce da farin mayafi, riƙe da tiren dabino. A bayanta shugaban sashe ɗauke da jarkar zamzam, sai malamai, sai ɗalibai da suka biyo su don tsaraba. Ashe ta ce ba za ta zauna a ofis a zo mata sannu da zuwa ba, ita za ta zagayo ta gaida kowa. Ni kuwa ga ni a kan kujera ba takalmi, hannuwana suna maiƙo, ga filas a kan tebur, ga robar man a buɗe.

Murmushin fuskarta ya tsaya a inda yake. Ta miƙa wa Maman Khalifa tiren ba tare da ta dube ta ba, ta tako a hankali har gaban kabad. Ta kama ganye ɗaya, yatsunta suka sulɓe. Ta murza su, ta kai hanci.

"Mene ne wannan?"

"Mai ne, Prof."

"Na girki?"

"A'a, Prof. Na shafawa. Na jarirai."

Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai yana karanta rubutun jikin jarka.

"Wannan zanen fa?"

"Sanyi take ji, Prof. Na lulluɓe ta ne."

Nan dariyar ta ƙwace wa mutane biyu ko uku. Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah, domin dariya ana shanye ta. Amma Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ce in sauko. Ta hau kujerar da kanta, dattijuwar da ta dawo daga doguwar tafiya, ta kwance majanyin, ta zare zanen. Ta tura yatsa cikin ƙasar, ruwa ya tsattsafo. Sai ta kama gindin shukar, wanda kaurinsa ya kai babban yatsa, ta ɗan ja kaɗan. Ya taho a hannunta ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana ɗiga.

Ta ɗago saiwar tana dubawa, esi yana huro mata iska.

"Mak," ta ce a hankali. Haka suke kiran uwa.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na so in ba da haƙuri, amma wane haƙuri? Na kai hannu zan share ido, na shafa wa fuskata mai. Na tsaya a nan ina sheƙi, ina kuka, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Farfesa ta mayar da gindin cikin ƙasar, ta sauko daga kujera, ta ce a sauko mata da tukunyar, ko ita ta tsira da ita. Maman Khalifa ta ajiye tire, ita da wani malami suka ɗaga. Sai suka ji wani abu yana riƙewa ta baya.

"Wait, wait," in ji Maman Khalifa. "Akwai wani abu a bayan kabad ɗin nan."

Aka tura kabad gefe. Ashe tun ranar da na ɗora tukunyar wani dogon reshe ya zame ya faɗa tsakanin kabad da gilashin taga, ban gan shi ba. A can iskar esi ba ta kai gare shi, gilashin kuma yana ɗaukar ɗumin waje. Ga shi nan kore shar, ya kama jikin bango da 'yan ƙananan saiwoyinsa, har da sabon ganye a naɗe a ƙarshensa. Ba mai a jikinsa, ba takarda, ba komai. A duk shukar, shi kaɗai ne hannuna bai taɓa ba.

Farfesa ta daɗe tana kallonsa. Ta ce a ba ta almakashi. Ta yanke shi daga ruɓaɓɓen gindin, ta ɗauki ɗaya daga kofunan da aka kawo don zamzam, ta tari ruwan famfo, ta tsoma.

"Wannan ya isa," ta ce. "Zai yi saiwa."

Sannan ta juyo gare ni, idonta jajur. Na shirya jin komai.

"Da baranda kika fitar da ita, a inuwa, kika manta da ita, da ba abin da zai same ta. Ƙasar nan ba mu da sanyi sai wanda muka saya muka kunna."

Maman Khalifa ta dube ni. Allah ya saka mata da alheri, ba ta ce uffan ba a lokacin. (Ta bari sai da muka shiga jirgi, sannan ta faɗa daga tashar makaranta har Wangsa Maju.)

Farfesa ta ninke zanen goyon da majanyin, ta miƙo mini, ta ɗora dabino uku a kai. Ta rungumi tukunyar mahaifiyarta a hannu ɗaya, kofin a ɗaya hannun, ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Ɗalibai kam ba su yi shiru ba. Har na gama karatun, in na shigo ɗakin sai wani ya rungume kansa ya ce yana jin sanyi, ko akwai sauran mai.

Reshen ya rayu. Ta mayar da shi tukunyar, ya yi ganye, ya fara zubowa daga saman kabad ɗinta, duk da bai kai rabin na da ba. Bayan wasu watanni za ta tafi wani taro a ƙasar waje, muna zaune a ofis ta ce tana tunanin inda za ta bar shukar. Ni da ban ji kunya ba, sai na ji bakina yana motsi, wai ina son in gyara laifina. Ta ɗaga mini hannu tun kafin in furta.

"Ke dai ki yi mata addu'a," ta ce. "Daga nesa."

Na yi kuwa, kullum, daga nesa, kuma ta dawo ta tarar da ita lafiya lau. Tun daga ranar, in aka ba ni riƙon wani abu ya fara canza kama, kafin in ɗauko maganin Inna sai na fara tambayar mai abin. In ban same shi ba, sai in zauna a kan hannuwana.